Hangen Dala, Hangen Samaniya

Baffana manomi ne, yana kuma cikin 'yan tsirarun da suka rage masu riƙe da lissafin taurarin damina a ka. In aka yi ruwan farko samari suka zabura da sungumi, shi sai ya ƙirga da yatsu tukuna, ya ce a dakata, tauraron shuka bai kama ba. Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha: haka yake jero su kamar mai kiran sunayen 'ya'yansa. Taurari 28 ne a shekara, kowanne da kwana 13, Jabaha kaɗai ke da 14, lissafi ya cika 365 cif. Ba a boko ya koya ba, a zaure ya ji daga bakin mahaifinsa.

Ranar 11 ga Yuli, 2022, ana tsakiyar shagalin Babbar Sallah, aka fitar da hoton farko na madubin hangen nesa mai suna James Webb a fadar shugaban Amurka. Ina gida hutun Sallah. Kashegari da hantsi na miƙa wa Baffa wayata ina ɗoki, don na san in akwai mai hakkin ganin wannan abu a gidanmu, to shi ne. Ya nisanta wayar daga idonsa, ya daɗe yana dubawa. Baƙin fili ne da aka watsa wa ɗige-ɗige, wasu farare, wasu ruwan goro, wasu jajaye a lanƙwashe kamar lauje.

Ya ce, "Waɗanne taurari ne waɗannan? Ban san su ba."

Na ce, "Baffa, ai ba taurari ba ne. Kun ga masu tsinin nan da suka yi ƙahoni? Su ne taurari. Sauran kuwa, kowane ɗigo..."

Nan na tsaya. Kalmar da ta zo bakina ta Turanci ce, ba ta da amfani a gare shi. Na lalubo na ce tarin taurari ne. Ya ce, "Kamar Kaza da 'Ya'yanta?" Na ce a'a, ya fi haka nesa ba kusa ba. Ya ce, "To, kamar me?" Ban iya ba shi amsa ba. Tun ranar nake juya wannan tambaya, kuma na lura ba hoton ne ya gagare ni ba, kalmomi ne. Sai dai da na bi su ɗaya bayan ɗaya, na tarar Hausa ta riga ta tanadi fiye da yadda na zata.

Bari in fara da sunan na'urar. Madubin hangen nesa muke cewa, kuma a nan harshe ya dace da gaskiya, domin madubi ne na sosai. Faɗinsa mita 6.5, an haɗa shi daga ɓangarori 18 masu kusurwa shida-shida kamar saƙar zuma, an shafe fuskarsu da zinariya. An naɗe shi kamar laima aka cusa a roka, aka harba daga Kuru da ke Giyana ta Faransa ranar 25 ga Disamba, 2021, aikin haɗin gwiwar Amurka da Turai da Kanada. Ya je ya warware kansa a hanya, ya tsaya a nisan kilomita miliyan 1.5 daga nan, kusan ninki huɗu na nisan wata. Yana da rumfa mai hawa biyar da ke kare shi daga zafin rana, don dole ya zauna cikin sanyin da ya zarce digiri 200 ƙasa da sifiri kafin ya iya aikinsa. Ƙahonin da na nuna wa Baffa ma ba na taurarin ba ne, sawun kusurwoyin madubin ne a kan duk wani haske mai tsini, kuma da su ake gane tauraro na kusa daga abin da ke can ƙurya.

Madubi daga duba ya fito, duba kuwa kalma ce mai fuska biyu a wurinmu. Akwai duba na mai neman abin da ya ɓace, akwai duba na malamin duba mai zana ƙasa ya ce zai faɗi gobe. Shi ya sa in ka ce wa Bahaushe wane yana karanta ilimin taurari, sai ya ɗan ja baya, ya zaci bugun ƙasa ake nufi. Wannan rikici ya cuce mu, ya sa iyaye da yawa suna ƙyamar ilimin da kakanninsu suka karanta a zaure da sunan falaki da hisabi, ilimin da ake fitar da alƙibla da lokutan salla da shi. Lissafin Baffa ba duba ba ne, kalanda ce. Na madubin Webb ma haka, awo ne da lissafi.

Amma hange, ita ce kalmar da ta fi riƙe ni. Bahaushe ya rarraba aikin ido filla-filla. Gani yana zuwa maka ko ba ka nema ba. Kallo na nishaɗi ne ko na mamaki. Leƙe ta kafa ake yin sa, a sace. Harara da fushi take tafe. Tsinkaye shi ne ka tsinci wani abu can da ƙyar. Hange kuwa gani ne da ke ɗauke da tazara a cikinsa, ka ga abu amma ba ka isa gare shi ba. Fataken da suka nufo Kano sukan fara ganin Dutsen Dala tun suna nesa, gajiya ta ce an iso, ƙafa ta ce da saura. Daga nan aka sami karin maganar nan, hangen Dala ba shiga birni ba. Ban san wata jimla a kowane harshe da ta fi wannan dacewa da hotunan Webb ba. Abin da ke cikinsu ba wanda zai taɓa zuwa, ba mu ba, ba jikokin jikokinmu ba. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, ba hutu ba tsayawa, kusan shekara hamsin ke nan, amma duk tafiyar da ya yi haske yana cinye ta cikin kwana ɗaya. Tauraro mafi kusa da ranarmu kuwa haske sai ya shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya isa gare shi.

Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki. In muka ce wane yana da hangen nesa, muna nufin yana ganin gobe tun yau, yana tanadin rani tun da damina. Hangen nesa a bakinmu gaba yake fuskanta. Na madubin nan kuwa baya yake kallo, kuma ba shi da zaɓi. Dalili shi ne haske matafiyi ne, yana da gudu, gudun kuma yana da iyaka. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Ole Rømer ya nuna haka a 1676, da ya lura cewa husufin ɗaya daga cikin watannin duniyar Mushtari yana makara in duniyarmu ta yi nesa da shi, yana sammako in ta matso. Yau an san gudun: kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, wato ya zagaye duniya sau bakwai da rabi cikin wannan daƙiƙar. Duk da haka daga wata sai ya yi daƙiƙa ɗaya da ɗoriya, daga rana minti takwas da daƙiƙa ashirin. Ranar da kake gani, ta minti takwas da suka wuce ce. Kaza da 'Ya'yanta da kakanninmu mata ke nuna mana muna kwance a tabarma, haskenta ya baro gida kimanin shekara 440 da suka shige, wajen zamanin da daular Songhai ta faɗi a 1591, fiye da ƙarni biyu kafin jihadin 1804. Duk wanda ya ɗaga kai da dare, waiwaye yake yi. Iyakar nisan da ka hango, iyakar dā ɗin da ka koma.

A nan ne na ga Hausa ta riga masana isa wurin. Mu dama ba da igiyar awo muke auna nisa ba, da lokaci muke aunawa. Tambayi tsoho nisan gari, zai ce tafiyar yini ce, ko kwana uku a ƙasa, ko daga asuba zuwa azahar in da jaki. Ayarin da ke zuwa Gwanja neman goro da zango yake ƙirga hanya, haka ma ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Bilma. Zango wuri ne, zango kuma lokaci ne, shi ya sa har yau muke cewa zangon karatu. To masana falaki ma da ma'auninsu ya ƙare sai suka koma ga dabarar madugu, suka ce a auna da tafiyar haske ta shekara guda, wadda ta kai kilomita tiriliyan 9.46. Nakan ji ana fassara wannan ma'auni da shekarar haske, kuma na ga yadda yake ruɗa ɗalibai, suna zaton lokaci ake nufi alhali nisa ne. Ni zangon haske na fi so. Mai sauraro zai ji tafiya a ciki, zai ji tazara, zai ji daɗewa, duk a kalma ɗaya. Bambancin kawai, wannan matafiyi ba ya yada zango. Ba ya sauke kaya, ba ya neman rijiya, sai ranar da ya faɗa cikin wani ido ko wani madubi.

Inda muka fi rauni shi ne lambobi. Da can muna da zangu, muna da zambar, muna da keso na wuri 20,000, kuma kowanne abu ne da hannu ya taɓa ɗauka ko jaki ya taɓa jin nauyinsa. In ƙirga ya wuce nan sai a ce malala gashin tinkiya, a sallama. Yanzu mun ari miliyan da biliyan da tiriliyan, amma labaran kasafin kuɗi sun goge musu kaifi, har kunne ba ya jin bambancinsu, kamar 'yan uwa ne masu kama da juna. Ba haka ba ne. Ɗauki tsakuwa ka riƙa jefawa a ƙwarya, ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci. Miliyan ɗaya za ka gama cikin kwana goma sha ɗaya da rabi. Biliyan ɗaya sai ka shekara talatin da ɗaya da watanni. Taurarin da ke cikin wannan farin zanen da ke ratsa sama a daren da ba wata, wanda ranarmu ɗaya ce daga cikinsu, sun kai aƙalla biliyan ɗari. Ƙirga su a haka zai ci fiye da shekara 3,000. Wannan fa ɗigo ɗaya ke nan irin na hoton da na nuna wa Baffa, kuma a hoton akwai dubbai. Filin saman da hoton ya ɗauka gaba ɗaya bai wuce abin da ƙwayar yashi za ta rufe ba in ka ɗora ta a kan yatsa ka miƙe hannu. Ina ganin duk malamin da zai ambaci biliyan a aji ya kamata ya fara da tsakuwa da ƙwarya, in ba haka ba sauti kawai ya koyar.

Sanin cewa akwai irin waɗannan ɗige-ɗige bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, ko da yake ido ya daɗe da tsinkayo ɗaya daga cikinsu. A shekarar 964, Abdurrahman al-Sufi, masanin falaki da ya yi aiki a Isfahan, ya rubuta littafinsa kan siffofin taurari, ya ambaci wani ɗan tabo mai kama da gajimare a gefen arewa. Bai san ko mene ne ba, ya dai rubuta abin da ya gani. Kusan shekara dubu ba a tabbatar ba ko hayaƙi ne a cikin gidanmu, wato farin zanen nan, ko wani gida ne dabam. Mabuɗin ya fito daga hannun wata mata, Henrietta Leavitt, da ke aikin auna hotunan taurari a Jami'ar Harvard. A 1912 ta nuna cewa akwai wasu taurari masu haske yana ƙaruwa yana raguwa, kuma tsawon lokacin da suke ɗauka yana faɗin ainihin ƙarfin haskensu. In ka san ƙarfin fitila, dusashewarta za ta gaya maka nisanta, kamar yadda matafiyin dare ke kintatar tazarar gari daga fitilar mai shayi. A 1923 Edwin Hubble ya tsinci irin wannan tauraro a cikin tabon al-Sufi, da madubin da ke kan Dutsen Wilson a Kalifoniya, ya yi lissafi, ya ga abin yana waje da gidanmu ƙwarai. Shi ne Andromeda, zangon haske miliyan 2.5 daga nan, kuma maƙwabci ne na jikin katanga in aka kwatanta da sauran.

Labarin da na fi so a wannan fanni na Disambar 1995 ne. Madubin da aka sa wa sunan Hubble yana sama tun 1990, kowa na rububin samun sa'a guda da shi. Shugaban cibiyar da ke kula da shi a Baltimo, Robert Williams, ya ɗauki kason lokacinsa ya ce a juya madubin zuwa wani ɗan gurbi a arewa inda ba a ganin kusan komai, a bar shi yana kallo kwana goma. Akwai waɗanda suka ga ɓarnar lokaci ce. Da aka haɗa hotunan, sai ga ɗige-ɗige kusan 3,000 a wurin da ake cewa wayam ne. Wannan ya sa na sake duban kalmar sarari. Muna cewa sararin samaniya, sarari kuwa fili ne da ba komai, inda ido ke wucewa ba tuntuɓe. Ashe abin da muke kira sarari gajeren haƙurinmu ne. Wanda ya daɗe yana kallo ya tarar da shi cike.

To, wane suna za mu ba su? Turawa daga kalmar Girkanci ta madara suka samo nasu, saboda farin zanen nan ya yi musu kama da nonon da ya zube. Larabawa suna cewa majarra, daga ja, kamar sawun abin da aka ja a ƙasa. A rediyo da jaridu nakan ji tarin taurari, ko gungun taurari, wani lokaci dami. Na auna su duka. Tari ba shi da tsari, abin da aka zuba ne kawai, alhali waɗannan suna juyawa bisa ƙa'ida, da yawansu da hannaye a murɗe kamar ruwan da ake dama fura. Gungu ya dace da Kaza da 'Ya'yanta, kuma in muka ba wa babba sunan ƙarami za mu sake jefa wani Baffan cikin ruɗanin da na jefa nawa. Dami yana da kyau ta fuska ɗaya, domin a ɗaure yake, su ma ƙarfin jan da ke tsakanin taurari ne ya ɗaure su. Amma dami abu ne da mutum ke ɗauka a ka.

Ni birni na zaɓa. Birnin taurari. Wani masanin falsafa Bajamushe, Immanuel Kant, ya yi hasashensu tun 1755, daga baya aka riƙa kiransu tsibirai, wanda ya dace da mutanen da teku ya kewaye. Mu mutanen tudu ne, abin da muka sani shi ne birni da dajin da ke tsakaninsa da wani birnin. Kuma kwatancin yana tafiya da nisa. Birnin taurari yana da tsakiya mai cunkoso inda tsofaffi suka fi yawa, yana da unguwannin gefe inda ake haihuwar sababbi cikin ƙura da hayaƙi. Ana haihuwa ana mutuwa a cikinsa, kuma daga tokar waɗanda suka mutu ake gina na baya. Yana da ƙauyuka ƙanana da ke kewaye da shi. Namu faɗinsa zangon haske kusan 100,000 ne, ranarmu tana wata unguwa mai nisan zango 26,000 daga tsakiya, tana zagaya shi sau ɗaya cikin shekara miliyan 230 ko kusa da haka. Farin zanen da muke gani a sama birninmu ne muke kallo daga ciki, kamar mai tsaye a lungu yana hangen fitilun unguwanni sun haɗe sun zama layi ɗaya. Na san kwatancin yana da inda ya gaza, babu ganuwa, babu ƙofa, babu sarki. Amma da na koma na ce wa Baffa kowane ɗigo birni ne na taurari, kuma ranarmu mutum ɗaya ce a cikin wani birnin irinsa, bai sake tambayata kamar me ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ikon Allah."

Akwai wani abu da ya wajaba a faɗa game da launukan hoton, don na ji masu cewa ai zane ne aka yi da kwamfuta. Samaniya tana buɗewa, birane suna nisantar juna, abin da Georges Lemaître ya lissafa a 1927 kuma Hubble ya auna a 1929. Hasken da ya daɗe a hanya yana miƙewa tare da wannan buɗewa, ya rinjaya zuwa ja, har ya zarce jan da ido ke iya gani. Irin wannan haske ba baƙo ba ne a gare mu. Shi ne ɗumin da kake ji a fuska in ka matso kusa da tukunyar da aka sauke daga murhu, ba ka ganin komai amma fata ta shaida. Shi Webb ke kamawa, shi ya sa ake ɓoye shi daga rana. Abin da yake aikowa lambobi ne, sai ma'aikata su bi ƙa'ida: mafi miƙewa a ba shi ja, mafi gajarta a ba shi shuɗi, na tsakani a jera su bi da bi. Wannan aikin tafinta ne, ba na mai ƙaga labari ba. An juyo magana daga harshen da ido ba ya ji zuwa wanda yake ji. Jajayen laujen nan ma ba ado ba ne. Nauyin gungun biranen da ke gaba, wanda ake kira SMACS 0723, shi ne ya tanƙwara hasken waɗanda ke bayansa, ya ƙara musu girma, ya ja su suka yi baka. Albert Einstein ya faɗi cewa nauyi yana lanƙwasa hanyar haske, aka kuma gwada maganarsa lokacin husufin rana na 29 ga Mayu, 1919, ɗaya daga cikin wuraren gwajin shi ne tsibirin Principe da ke nan mashigin tekun Gini.

Muna cewa gani ya kori ji, kuma a kasuwa da kotu haka ne. A samaniya kuwa gani da ji abu ɗaya ne, domin abin da ido ya samu saƙo ne da ɗan aike ya kawo, ɗan aiken kuma ya daɗe a hanya. Baffa ne ya kai ni ga wannan da tambayarsa ta ƙarshe. Ya ce, "Yanzu duk suna nan?" Na gaya masa gaskiya. Biranen da ke gaba a hoton muna ganinsu ne yadda suke shekara biliyan 4.6 da suka wuce, wajen lokacin da ranarmu da duniyarmu ke haɗuwa. Wasu jajayen da ke can baya haskensu ya haura shekara biliyan 13 yana tafe, alhali shekarun samaniyar gaba ɗaya biliyan 13.8 ne bisa awon masana. A 2024 ma Webb ya hango wani birni yadda yake tun samaniya tana da shekara miliyan 290 kacal. Manyan taurarin da suka haskaka irin waɗannan birane sun mutu tuntuni, biranen kansu sun girma, sun haɗe da wasu, sun sāke kama. Yadda suke a yau, labarin yana hanya.

Ya ce ya gane. Ya tuna mini da mutanen dā masu tafiya Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, suna yada zango suna noma suna ci gaba, wani shekara biyar, wani goma. Wasiƙa takan iso gida tana cewa muna lafiya, an yi mana haihuwa. Kafin a karanta ta a zaure, jaririn ya yi wayo, mai rubutun wataƙila ya riga mu gidan gaskiya. Wasiƙar ba ta yi ƙarya ba. Ta faɗi gaskiyar ranar da aka rubuta ta.

Kalma ɗaya ta rage mini, duniya. Muna cewa duk duniya in muna nufin komai da komai, muna cewa abin duniya, zaman duniya, duniya ta yi daɗi. Asalinta Larabci ne, ma'anarta kuwa mafi kusa. Malamai sun fassara ta da rayuwar kusa, wadda ke gaban lahira. Shekara da shekaru ina furta ta ban taɓa jin wannan kusancin a cikinta ba sai da na ga hoton nan. Wanda ya raɗa wa ƙasar da muke takawa suna mafi kusa ya bar wuri ga abin da ke nesa, ko da bai san yawansa ba. Wasu suna cewa irin waɗannan hotuna suna sa mutum ya ji shi ba komai ba ne. Ni ban ji haka ba. Hasken da ya yi tafiyar shekara biliyan 13 bai sami mai karanta shi ba, iyakar saninmu, sai a wannan 'yar unguwa, kuma ina so a karanta shi da Hausa kamar yadda ake karanta shi da kowane harshe. Mutanen da suka raɗa tauraron ɗan adam da 'yan sama jannati, har suka zauna daram a bakin kowa, ba za su gaza raɗa sauran ba.

Amma suna ba ya kama bakin mutane sai sun ga mai sunan. Saboda haka ga roƙona ga malaman makaranta da masu shirye-shiryen rediyo da duk mai yaro a gida. A watan Nuwamba, kafin hazo ya yi kauri, ku zaɓi daren da ba wata, ku fita bayan gari inda ba fitila. Wajen ƙarfe tara zuwa goma ku fuskanci arewa, za ku ga taurari biyar masu haske sun yi siffar harafin M. Ku ɗaga ido sama da su, ku nemi wani ɗan tabo fari-fari mai kama da gajimare, ya fi fitowa in an kalle shi ta gefen ido. Shi ne abin da al-Sufi ya rubuta a 964, birnin Andromeda, kuma hasken da zai shiga idonku ya shekara miliyan 2.5 a hanya. Ku tafi da yaro, ku tafi da tsoho. Ku gaya wa yaron nisan, ku tambayi tsohon sunan kowane tauraro da ya sani, ku rubuta kafin ku dawo gida.